Uwar Mai Shaye-shaye Ma Tana Buƙatar Abokan Zama

Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka fitar a farkon 2019 ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye a shekarar da aka yi binciken, ban da giya da taba sigari. Ɗaya cikin biyar daga cikinsu abin ya riga ya zame masa ciwo, ɗaya cikin huɗu kuma mace ce. A Jihar Kano kaɗai an ƙiyasta kashi 16 cikin ɗari na masu waɗannan shekarun suna sha. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da gidan da yake komawa, kuma a mafi yawan gidajen akwai matar da ba ta runtsawa sai ta ji shigowarsa. Gwamnati ta hana sayar da maganin tari mai kodin a 2018, Hukumar NDLEA tana kama dillalai tana ƙona kaya, asibitoci suna karɓar wanda aka kai musu. Amma uwar yaron, wadda ita ce za ta gano matsalar, ta nemi magani, ta biya, ta kuma karɓe shi in an sallamo shi, ba a yi mata tanadin komai ba. Ya kamata haɗa irin waɗannan iyaye wuri guda, su riƙa zama suna tallafar juna, ya shiga cikin tsarin maganin shaye-shaye a ƙasar nan.

Halin da take ciki a ɓoye yake, shi ya sa ake raina shi. Ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa, kuma jifan daga cikin gida yake farawa: maigida ya ce "ɗanki ne", kishiya ta samu abin gori, dangin miji su ce ita ta sangarta shi. Sai ta daina zuwa biki da suna don gudun habaici. Tana ɓoye kuɗin cefane, tana sayar da 'yan kunnenta don beli, tana biyan wayar maƙwabta da aka ɗauke kafin magana ta kai gaban mai unguwa. In 'ya mace ce, ga fargabar kada labari ya fita ya hana ta da ƙannenta aure. Wasu masana daga Ingila, Jim Orford da Richard Velleman da abokan aikinsu, sun yi shekaru suna sauraron dangin masu shaye-shaye a Ingila da Meksiko da kuma cikin 'yan asalin ƙasar Ostireliya. Duk da nisan al'adun, damuwar iri ɗaya suka tarar: rashin barci, fargaba, ciwon jiki, ruɗewa kan abin yi. Sun kuma nuna cewa nauyin yana sauƙi ko tsananta gwargwadon sahihin bayani da tallafin da mutum ya samu.

Kaɗaicin nan ba uwar kaɗai yake cutarwa ba, domin wanda ba shi da abokin shawara duk abin da aka nuna masa zai kama. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. A watan Oktoba aka sake ganin irinsa a Daura. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Zargin waɗannan iyaye da mugunta abu ne mai sauƙi, amma galibinsu sun gaji ne, sun ji kunyar tambaya, kuma wurin da aka raɗa musu a kunne ke nan. Da sun taɓa zama da wadda ta bi wannan hanyar ta ga ƙarshenta, da wasunsu sun nufi asibiti.

Zaman da ake magana a kai ba shi da wani tsari mai wuya. Mata kaɗan masu matsala iri ɗaya su haɗu sau ɗaya a mako ko mako biyu, kowa ta faɗi halin da take ciki ba a katse ta ba, ba a ɗora mata laifi ba, kuma abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin. A Amurka, Lois Wilson, matar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu son barin giya, ta assasa Al-Anon a 1951 saboda iyalan mashaya, daga baya aka samu Nar-Anon don iyalan masu shan ƙwaya. A garin Vigo na ƙasar Sifen, iyaye mata ƙarƙashin jagorancin Carmen Avendaño sun kafa ƙungiyar Érguete a shekarun 1980 lokacin da hodar heroin ke cinye musu 'ya'ya, har suka kai ga tsayawa a ƙofar gidajen manyan dillalai suna kiran sunayensu. Abin da uwa ke samu a irin wannan zama ilimi ne da likita ba shi da lokacin bayarwa: yadda ake magana da yaro lokacin da yake cikin hayyacinsa, dalilin ba shi abinci maimakon kuɗi a hannu, abin da ake cewa ƙannensa. Za ta kuma ji cewa komawa shan bayan an yi magani ba alamar tsinuwa ba ce. Cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka ta ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 na masu jinya sukan koma, kusan yadda masu hawan jini ke samun tashin ciwonsu.

Mai suka zai ce zaman hira ba ya raba yaro da ƙwaya, kuma yana da hujja. A 1999 William Miller da Robert Meyers da Scott Tonigan suka gwada hanyoyi uku a kan dangin mashaya giya 130 waɗanda suka ƙi zuwa magani. A rukunin da aka shirya don shiga Al-Anon, kashi 13 ne suka shawo kan nasu ya je asibiti. A rukunin da aka koya wa taruwa a tsare mutum da magana, kashi 30. A rukunin da aka horar da dabarun yau da kullum, wato yaba masa ranar da bai sha ba, daina rufa masa ɓarnar da ya yi, da sanin lokacin da ya dace a kawo maganar asibiti, kashi 64. Amma a duk rukunan uku damuwar dangin ta ragu. Hukuncin da ya fito daga nan a fili yake: zaman 'yan'uwa yana tsayar da uwa da ƙafafunta, horo kuma shi ke kai yaron ga magani, don haka a haɗa su. Ƙungiyar da ba ta da ma'aikacin lafiya mai leƙa ta tana ma da haɗari, domin za ta iya zama kasuwar masu jiƙe-jiƙe, ko wata ta ba da shawarar a kulle yaro a ɗaki, alhali wanda jikinsa ya saba da ƙwaya irin su diyazafam, yanke ta farat ɗaya na iya jefa shi cikin jijjiga mai kisa.

Sai maganar tonon asiri, wadda ita ce ta fi nauyi a wurinmu. Gaskiya mai ɗaci ita ce unguwa ta riga ta sani. Wanda ake gani a bakin kwata da jajayen idanu ba ya ɓoyuwa. Abin da shirun ke karewa kaɗan ne, abin da yake hanawa kuwa shi ne taimako. Duk da haka tsoron gulma gaskiya ne, shi ya sa ya fi kyau a yi zaman nesa da unguwar mahalarta, adadin ya zama kaɗan, a sallami duk wadda ta fitar da magana. Masu cewa al'adar Turawa ce sun manta da adashi, da zaman makoki, da ajin Islamiyyar matan aure, da Zumuntar Mata ta coci; haɗuwar mata don ɗaukar nauyin juna tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Addu'a kuwa babu mai hana ta, da ita za a buɗe zaman a rufe, kamar yadda mai ciwon suga yake addu'a yana kuma shan maganinsa.

Kuɗin da abin ke ci bai taka kara ya karya ba. Iyayen nan suna nan a kan bencin asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Barnawa da Kware da Maiduguri duk ranar ganin likita, suna jira kusa da juna ba mai ce wa wata uffan. Shugabannin waɗannan asibitoci, da sashen ba da shawara na NDLEA, da ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN, su ware musu ɗaki guda da awa guda da ma'aikaciyar jinya guda da aka horar. Magidanta kuma su bar matansu su je, su ba su kuɗin mota.