Ƙusar da ke Ɗora Ƙashi: Labarin Maƙeran Ƙasar Suwis

A manyan asibitoci, kamar na Yamai da na Damagaram, akwai karayar da ba a ɗora ta da kara da tsumma. Idan ƙashi ya farfashe, ko ya karye kusa da gaɓa, likita yakan ba mutum maganin barci, ya tsaga wurin, ya haɗa ƙashin. Sa'an nan ya aza masa wani siririn ƙarfe mai huji-huji, ya ɗaure shi da ƙusoshi. Ƙusoshin irin waɗanda ake murɗawa ne su shige, ba a buga su da guduma. Ƙarfen yakan zauna cikin jiki shekara guda ko fiye. Wani ma da shi zai ƙare rayuwarsa.

Manomin da ya ji wannan dole ya yi tambaya. Hauya in ta kwana cikin raɓa sai ta yi tsatsa. To, wane irin ƙarfe ne ke zama cikin jini da nama bai lalace ba? Kuma wane maƙeri ke ƙera shi? Yau ana yin irin waɗannan ƙusoshi a Jamus, da Amurka, da Indiya, da Sin. Amma inda sana'ar ta yi ƙarfi tun farko, wata ƙaramar ƙasa ce ta Turai da ake kira Suwis.

Manoma masu sana'ar agogo

Suwis ƙasar duwatsu ce, ba ta da bakin teku. Nijar ta ninka ta faɗi sau 30. A yammacinta akwai wasu tsaunuka da ake kira Jura. Mutanen wurin asalinsu manoma ne da makiyayan shanu. Lokacin sanyi ƙanƙara takan rufe gonaki da makiyaya wata da watanni. Kamar yadda manomi ke neman sana'ar rani bayan an gama girbi, su ma haka suka nemi tasu sana'ar ta lokacin sanyi. Suka riƙa zama cikin ɗaka, kusa da taga, suna ƙera ƴan ƙananan kayan cikin agogo.

Cikin agogon hannu akwai ƙusoshi da ba su kai girman ƙwayar hatsi ba. Yin su ɗaya-ɗaya da hannu yana cin lokaci, kuma ba sa fitowa daidai da juna. Saboda haka, tsakanin 1870 da 1890, masu sana'a na garuruwan Biyen da Mutiye suka ƙago inji na musamman. Kamfanin Tornos na garin Mutiye ya yi suna wajen ƙera shi. Ko'ina a duniya ana kiran irinsa injin Suwis.

Yadda injin ke aiki

Maƙeri yana sa ƙarfe a wuta ya yi ja, ya aza shi bisa uwar maƙera, ya buga da masaba. Wannan inji kuwa sassaƙa ƙarfe yake yi, ba tare da wuta ba, kamar yadda masassaƙi ke fid da taɓarya daga itace. Ana sa masa doguwar sandar ƙarfe, siririya, mai tsawon kamar mita 3. Sandar tana juyawa da sauri ƙwarai. Wasu ƴan wuƙaƙe da suka fi ta tauri suna matsowa suna fere ta. Mai yana zuba a wurin kullum don kada zafi ya yi yawa.

Ga dabarar da ta bambanta shi da sauran injuna. Siririn kara, in an riƙe shi daga nesa ana fere bakinsa, lanƙwashewa zai yi. In an riƙe shi dab da inda wuƙa ke ci, sai ya tsaya cik. Injin Suwis yana turo sandar ta cikin wani ɗan zobe da ke riƙe ta, wuƙaƙen kuma suna aiki a bakin zoben. Shi ya sa ƙusa, ko ta kai siririn allura, ba ta lanƙwasa. In an gama ɗaya, injin ya yanke ta ta faɗa, ya turo sanda, ya kama ta gaba.

Likita ya nemi maƙeri

A dā, ko a Turai, mai karayar ƙafa yakan kwanta wata da watanni cikin filasta, ko an rataya masa nauyi ana jan ƙafar. Kafin ƙashi ya haɗe, gaɓoɓi sun sandare, nama ya motse. Mutane da yawa ba sa iya komawa aikinsu.

A shekarar 1958 likitoci 13 suka taru a garin Biyen, suka kafa ƙungiya mai suna AO. Jagoransu shi ne likita Moris Mular. Ra'ayinsu shi ne a ɗaure ƙashi da ƙarfe daga ciki, domin majiyyaci ya fara motsa gaɓarsa da wuri. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likita ya san ƙashi, bai san ƙira ba. Sai Mular ya sami wani mai ƙaramar masana'anta a garin Betlak, sunansa Robar Matis. Suka zauna tare suka tsara ƙusoshi, da ƙarafan da ake azawa, da abin huda ƙashi, da abin murɗawa, duka bisa awo ɗaya. Ƙusar manyan ƙasusuwa kaurinta milimita 4 da rabi, watau ba ta kai kaurin fensir ba.

Bayan 1970 sana'ar agogo ta shiga wahala a Suwis, domin agogo mai batir na ƙasar Japan ya cika kasuwa da araha. A 1970 masu aikin agogo sun kai kusan mutum dubu 90. Zuwa 1985 saura kamar kashi ɗaya cikin uku. Masana'antu da yawa suka rufe. Wasu kuwa suka juya injunansu da gwanintarsu ga kayan asibiti, suka tsira.

Inji mai bin lissafi

Tsofaffin injuna, wasu faya-fayan ƙarfe masu tudu da kwari ne ke tura wuƙaƙensu. In ana son wata irin ƙusa dabam, sai an ƙera sababbin faya-fayai. A 1952, a wata babbar makaranta ta Amurka mai suna MIT, aka nuna injin da ke karanta lambobi daga doguwar takarda mai huji-huji. Daga baya, wajen shekarun 1970, aka haɗa irin waɗannan injuna da kwamfuta. Su ake kira CNC.

Yanzu ma'aikaci yana zana ƙusa cikin kwamfuta. Kwamfuta tana mai da zanen lambobi: wuƙa kaza ta matsa nan, ta shiga zurfi kaza, ta tsaya, ta koma. Injin ba ya gajiya, hannunsa ba ya rawa. Amma ba shi da hankali. In an ba shi lamba ta kuskure, zai maimaita kuskuren sau dubu. Wuƙaƙe kuma suna dakushewa. Don haka kullum akwai mutum tsaye, yana ɗaukar ƙusa yana aunawa, yana duba ta da madubi mai girmama abu.

Awon nan ba na wasa ba ne. A ɗauki milimita guda, wadda ba ta wuce rabin ƙwayar hatsi ba, a raba ta gida 100. Kaurin gashin kai guda ya kai 5 zuwa 10 daga cikinsu. Ma'aikatan nan suna lura da kuskuren da bai wuce gida 1 ko 2 ba.

Dalilin wannan tsanani

In hauya ta ɗan karkace, manomi zai yi noma da ita haka nan. Ƙusar ƙashi in ta yi sako-sako, ƙashin zai riƙa motsi, ba zai haɗe ba. In bakin abin murɗawa bai dace da kanta ba, sai ta maƙale a tsakiyar aiki, alhali mutum na kwance an tsaga shi. In jikinta yana da kaushi inda bai kamata ba, ƙwayoyin cuta su sami maɓoya.

Ƙarfen ma zaɓaɓɓe ne. Akwai farin ƙarfe da aka gauraya da wani ma'adini mai suna kurom, wanda ke hana tsatsa. Akwai kuma titaniyom, mai ƙarfi, marar nauyi. Bayan sassaƙa ana goge kayan, a wanke su sau da yawa, a rubuta musu lamba. Da lambar nan ake gane inda aka yi su, in wata matsala ta taso. Kafin a taɓa majiyyaci da su, ana turara su cikin wata tukunya ta musamman, mai tururi da ya kai zafin digiri 121 ko 134. Tafasasshen ruwa a digiri 100 yake tsayawa.

Har da haƙori

A 1952 wani likitan ƙasar Suwidin mai suna Biranemak ya sa ɗan titaniyom cikin ƙashin ƙafar zomo don wani bincike. Da ya zo cirewa, sai ya tarar ƙashi ya kama ƙarfen gam. Daga nan ya gane ana iya dasa shi a muƙamuƙin mutum. A 1965 ya yi wa mutum na farko. Ana murɗa ƙusa mai kaurin milimita 3 zuwa 5 a gurbin saiwar haƙorin da ya fita. A bar ta makonni ko watanni har ƙashi ya kama ta, sa'an nan a aza haƙorin da aka ƙera a kanta. Kamfanin Straumann na Suwis, wanda ya fara da binciken ƙarafan agogo, yana cikin manyan masu yin wannan ƙusa. Aiki ne mai tsada ƙwarai.

Ɗan injin da likitan haƙori ke riƙewa yana goge ruɓaɓɓen wuri, shi ma aikin waɗannan maƙera ne. Bakinsa yana juyawa fiye da sau dubu 300 a minti guda. In ya karkace ko kaɗan, girgiza zai yi ya ɓata haƙorin.

Abin da ya kamata a riƙe

Ba kowace karaya ke bukatar ƙusa ba. Da yawa suna warkewa da ɗori mai kyau ko filasta. Amma in ƙashi ya huda fata, ko ciwo ya buɗe a wurin karaya, a rufe da tsumma mai tsabta, a kai mutum asibiti ran nan. Kada a shafa kashin shanu ko ƙasa. In an yi ɗori, yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi, ko mutum ya daina jin su, ɗaurin ya yi tsanani. A sassauta, a tafi asibiti ba da jinkiri ba, domin haka ake rasa hannu ko ƙafa.

Wanda aka sa wa ƙarfe ya adana takardarsa, ya koma ranar da likita ya sa masa. Kada ya ɗauki kaya mai nauyi sai an ba shi izini, domin ƙarfen riƙo yake yi kawai, ƙashi ne ke haɗa kansa. Mai ciwon haƙori kuma kada ya miƙa bakinsa ga awartakin kasuwa, wanda ya fito daga bakin wani ba a dafa shi ba. Ta haka ciwon hanta da sida ke iya ratsawa daga jinin wani zuwa na wani. Rigakafi ya fi magani.