Na'urar Juya Bututu: Me Ya Sa Masu Walda Ke Son Ta?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin walda ya ga ana yanka babban bututu, ya san yadda abin yake. Oga ya zagaye bututun da layin alli, ya kunna wutar gas, ya duƙa. Yaronsa na tsugune a gefe, ya dafa ƙarfen da hannu biyu. "Juya!" Yaro ya mirgina. "Kai, a hankali mana!" Kafin a kai ƙarshen layin an tsaya sau biyar ko shida, kuma duk inda aka tsaya sai wuta ta bar ɗan rami. Daga nan sai a ɗauko injin gurza a yi ta fama da bakin.

Wannan aikin na yaro shi aka ɗora wa na'ura. Fasalinta ba wani mai wuyar ganewa ba ne: tayoyi ne bibbiyu a jere, a kwantar da bututu a tsakaninsu. Tayoyin gefe ɗaya injin lantarki da giya ne ke juya su, na ɗaya gefen kuwa nauyi kawai suke tallafewa. Mai aiki ya saita gudun da yake so, ya taka feda, bututu ya fara juyawa sannu a hankali. Bakin wutar yana nan wuri ɗaya a kafe, ƙarfen ne ke zuwa ya same shi.

Ƙarfi ba shi ne babban amfaninta ba, ko da yake shi ma abin dubawa ne, don bututu mai faɗin inci 40, tsawon mita 12, kaurin jiki milimita 20, yana kusan tan 6. Babban amfanin shi ne gudu iri ɗaya. Wutar gas ba narka ƙarfe take ta yanke shi ba. Tana gasa shi har ya kai digiri 900 ko kusa da haka, sannan iskar oksijin ta ƙone shi ta fesar da tokarsa. In aka yi sauri, wutar ba za ta huda ba. In aka yi nawa, bakin ya narke ya yi dumu-dumu. Hannun mutum yana gajiya, yana rawa. Inji kuwa yadda ya fara haka zai gama.

Sai batun fiƙe baki. Ba a haɗa bututu mai kauri baki da baki a tsaye, don waldar za ta tsaya a sama ne kawai, ciki ya zauna a buɗe. Shi ya sa ake zabge bakin kowanne a karkace, ta yadda in an haɗa biyun za su bar kwari da waldar za ta cike tun daga ƙasa. A bututun masana'antu yawanci digiri 37.5 ake karkatarwa, a na jigilar mai da gas kuwa digiri 30, sannan a bar ɗan leɓe kamar milimita 1.6 a ƙasa don kada wuta ta ɓula. Ɗan leɓen nan, in ya yi kauri a wani gefe ya sirance a wani, to nan ne waldar za ta sami rauni, kuma nan ne hoton gwaji zai tona asiri.

Na'urar tana da nata halin. In tayoyin ba su daidaita ba, bututu yakan riƙa zamewa gaba ko baya yana juyawa, har yankan ya zagayo bai haɗu da mafarinsa ba. In ana waldar lantarki, aka laƙa wayar da ke mayar da wuta a jikin na'urar maimakon jikin bututun, wutar za ta bi ta boris ta cinye shi. Bututun da aka riga aka haɗa wa gwiwa yakan rinjayi gefe ɗaya, ya fizge da zarar nauyin ya haye sama. Ga kuma hannun riga. Tayar da ke juya tan 6 ba za ta ji komai ba in ta kama shadda, don haka mai aiki da ita ya bar babbar riga a gida.

Amma fa a rumfar aiki kawai take cin kasuwarta. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, tsawonsa kilomita 614 ne. Na man da ya taso daga Agadem a Nijar zuwa gaɓar teku a Benin ya kusa kilomita 2,000. Bututun da aka riga aka jona ba mai iya mirgina shi. A nan sai a juya dabarar: a ɗaura zobe ko sarƙa a jikinsa, injin yankan ya hau ya zagaye shi. Waldar ma haka, mai yi ne zai faro daga sama, ya gangaro ta gefe, ya ƙare a kwance ƙarƙashin bututu tartsatsi na zubo masa. Shi ya sa jarrabawar masu walda ta bututun da ke juyawa ita ce mai sauƙi, ta kafaffen bututu da aka jingine a digiri 45 kuwa ita kamfanoni suka fi tambaya kafin su ɗauki mutum aiki.