AMSOSHIN TAKARDUNKU: Ko Akwai Son Kai Wajen Tsara Wasannin Ƙwallon Ingila?

TAMBAYA: Wannan takarda ta fito ne daga wani mai sauraronmu da ke sayar da taki da iri a kasuwar Giwa ta Jihar Kaduna, ya kuma roƙi mu sakaya sunansa. Bayan gaisuwa ga ma'aikatan wannan fili, ya ce shi mai goyon bayan Liverpool ne, maƙwabcin rumfarsa kuwa, wani tela, Manchester United yake yi. Gardama ta kaure tsakaninsu a gidan kallo. Shi ya ce tun zamanin Klopp ake cusa wa Liverpool wasanni kusa da kusa da gangan don 'yan wasanta su gaji. Telan ya ce babu wannan magana, kukan masu horar da 'yan wasa dabara ce kawai ta ɓoye kasawa. Magana ta yi zafi har ta kai ga gori, yau mako uku ke nan ba sa gaisawa. Yana so mu raba gardama.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda taka. Kafin mu shiga batun tamaula, mako uku ai ya yi yawa. Malamanmu kwana uku suka ce iyakar gaba, balle kuma a kan mutanen da ko sunan Giwa ba su taɓa ji ba. Amma tunda ka tambaya, ga abin da ke akwai.

Ita dai gasar Firimiya ta Ingila an kafa ta ne a 1992, kuma tun daga 1995 kulob 20 ne ke cikinta. Kowanne zai kara da sauran 19 sau biyu, ɗaya a gidansa ɗaya a gidan abokin karawa, wato wasa 38 ke nan ga kowa, jimilla 380. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ce ke jera su tun kafin kaka ta fara, bisa wasu ƙa'idoji. A cikin kowane wasa biyar, ana son uku su kasance a gida biyu a waje, ko kuma akasin haka. Manyan maƙwabta na gari ɗaya, kamar Liverpool da Everton, ko Manchester United da Manchester City, ba a haɗa musu wasan gida rana ɗaya, domin 'yan sanda ba za su iya da taron ba. Wanda ya yi wasan 26 ga Disamba a gida, to na sabuwar shekara a waje zai yi. A wannan mataki, ka ga babu inda ƙiyayya za ta samu ƙofar shiga.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an fitar da jerin. Shi jerin mako kawai yake faɗa maka, bai yanke rana da sa'a ba. Masu yanke wannan su ne kamfanonin talabijin da suka sayi izinin nuna wasannin. A yarjejeniyar da aka ƙulla ta 2025 zuwa 2029, kamfanonin talabijin, ciki har da Sky da TNT, sun amince su biya fam miliyan 6,700, kuma wannan na nunawa a cikin Birtaniya ne kaɗai, ban da abin da ƙasashen waje ke biya. Sannan akwai wata tsohuwar doka a can da ta hana nuna ƙwallo a talabijin ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma, don kada mutane su zauna a gida su bar ƙananan kulob-kulob babu 'yan kallo. Saboda haka duk wasan da kamfani ke son nunawa, dole a ɗauke shi daga wannan lokaci, a kai shi ƙarfe 12:30 na ranar Asabar, ko da yamma liƙis, ko Lahadi, ko daren Litinin. Wannan wasa na 12:30 shi ne wanda kuke gani a gidan kallo wajen azahar, wani lokaci 12:30 wani lokaci 1:30, gwargwadon yadda suka juya agogonsu.

To wane kulob kamfani zai zaɓa? Ai Malam kai ɗan kasuwa ne. Kayan da aka fi nema su ake shimfiɗawa a bakin rumfa. Liverpool na da masu kallo daga Giwa har birnin Sin, shi ya sa ake yawan ɗaukar wasanta. Abin da kake gani kamar ƙiyayya, farin jini ne ya jawo shi.

Amma fa kada telan ya yi saurin dariya, domin kukan Klopp yana da tushe. Ranar Laraba 25 ga Nuwamba 2020 da dare Liverpool ta yi wasan Zakarun Turai da Atalanta, sannan ranar Asabar 28 ga wata da ƙarfe 12:30 aka kai ta Brighton. Aka tashi 1-1, James Milner kuma ya ji ciwo a jijiyar cinya. Da ɗan jaridar kamfanin da ya zaɓi wasan ya tare shi da tambaya, sai Klopp ya taya shi murna cikin gatse, wai ga abin da suka jawo. Duk wanda ya taɓa riƙe shanun huɗa ya san gaskiyar wannan kuka. Sa ba ya faɗuwa ranar da aka matsa masa, sai an jera masa kwanaki babu hutu, rannan ka ga ya durƙushe tsakiyar kunya. Haka naman jikin ɗan ƙwallo yake. Bayan gudun minti 90, yana buƙatar kwana biyu zuwa uku kafin ya dawo daidai, ga tafiyar dare a jirgi, ga rashin barci. Ita kanta hukumar gasar ta gane haka, domin a 2021 an yarda cewa kulob ɗin da ya yi wasan Zakarun Turai daren Laraba, a iya ɗage masa wasan 12:30 zuwa daren Asabar.

Sai dai amsar da ɗan jaridar nan ya ba shi ita ma tana da nauyi. Ya ce masa kamfani bai ƙwaci wannan lokaci da ƙarfi ba, kulob-kulob ne suka sayar masa. Haka ne kuwa. Shugabannin kulob 20 ɗin nan su ke zama su amince da cinikin, kuma da kuɗin ne ake biyan albashin 'yan wasa da na shi mai horarwar. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ni a ganina, ofishin da ya kamata mai horarwa ya fara kai ƙararsa shi ne na maigidansa, amma da yake ba a faɗa da mai biyan albashi a bainar jama'a, sai a huce a kan ɗan jarida.

Wani abin kuma, yawan wasa ladan nasara ne. Kulob ɗin da ba ya zuwa Turai, aka kuma fitar da shi da wuri daga kofunan gida biyu, wasa 40 zai yi a kaka. Liverpool kuwa a kakar 2021 zuwa 2022 wasa 63 ta buga, saboda ta kai wasan ƙarshe a duk kofin da ta shiga. Mafi ban mamaki shi ne na Disamban 2019. Ranar 17 ga wata tana da wasan kofi da Aston Villa a Ingila, washegari 18 tana da wasan Kofin Duniya na kulob-kulob da Monterrey ta Meziko a ƙasar Ƙatar. Tsakanin wasannin biyu ko awa 24 babu. Sai aka raba tawaga biyu. Yara matasa suka tsaya gida, Villa ta zuba musu 5-0, manyan kuma suka tafi Ƙatar suka ɗauko kofi bayan sun ci Flamengo ta Birazil 1-0. Na san wannan ce babbar hujjarka, kuma ban ce an kyauta ba. Amma abin da ya kai ta Ƙatar shi ne cin kofin Turai da ta yi a wannan shekara, kuma kofin gida da na duniya hukumomi daban-daban ke da su, kowacce na kare ranar kasuwarta.

Su kuma ƙananan kulob-kulob, in sun ji babba na kuka, haushi suke ji. A 2020 manya sun nemi a riƙa canjin 'yan wasa biyar a maimakon uku, ƙanana suka ƙi, kuma doka ba ta canzuwa sai kulob 14 sun yarda. Klopp ya zargi Chris Wilder na Sheffield United da son kai. Amma ka duba ta ɓangarensa. Manomi mai shanu takwas ne ke cin ribar dokar da ta ce a riƙa sauya shanu tsakiyar aiki, mai guda biyu me zai sauya? Sai a 2022 aka tabbatar da canji biyar ɗin.

Maganar telan cewa wani kukan dabara ne, ita ma akwai ta. Wani na yi ne don ya janye idon jama'a daga 'yan wasansa bayan an sha kashi, wani don ya tsorata hukuma ta sassauta masa gaba. Amma ba kullum take ci ba. A Janairun 2009, Liverpool na saman tebur, Rafael Benitez ya zaro takarda a gaban 'yan jarida ya karanto zarge-zarge a kan Alex Ferguson, har da gatsen cewa a bar shi ya riƙa tsara wasannin a ofishinsa yana aiko wa kowa. Bayan nan Liverpool ta yi kunnen doki sau uku a jere, da Stoke da Everton da Wigan, kaka ta ƙare United na da maki 90 ita tana da 86. Shi kuwa Jose Mourinho, lokacin yana Tottenham, ya yi ta ƙorafi a 2020 da aka jera masa wasa huɗu cikin kwana takwas. Na ƙarshensu a gidan Manchester United aka yi shi ranar 4 ga Oktoba, kuma 'yan wasan nan da ake cewa sun gaji suka ci 6-1. Ina jin telan bai manta ba.

Abin da ya kamata ku sani ku biyun shi ne wasannin ƙaruwa suke yi a kan kowa. Daga 2024 an mai da gasar Zakarun Turai ta kulob 36, zagayen farko ya tashi daga wasa shida zuwa takwas. A 2025 aka yi Kofin Duniya na kulob 32 a Amurka, daidai lokacin da 'yan wasa suka saba hutawa. A Satumban 2024 Rodri na Manchester City ya ce 'yan wasa sun kusa shiga yajin aiki, ba a yi mako guda ba ya ji mummunan ciwo a gwiwa a wasansu da Arsenal, ya yi watanni yana jinya.

Saura saƙo ga telan, in yana saurare. Wannan kuka da yake wa Klopp dariya a kai, nasu Ferguson ya daɗe da yin sa. A Afrilun 1992 United ta yi wasa huɗu cikin kwana bakwai, ta ci ɗaya kacal, ta yi kunnen doki ɗaya, Nottingham Forest da West Ham suka doke ta. Ranar 26 ga wata Liverpool ta ƙarasa ta da 2-0, Leeds ta ɗauke kofin. A 1997 da ya hango irin wannan cunkoso, sai ya nemi a ƙara wa kaka kwanaki. Arsene Wenger na Arsenal, wanda bai daɗe da zuwa daga Japan ba, ya ce bai yarda ba. Ferguson ya fusata ya kira shi sabon shiga, ya ce ya tsaya ga ƙwallon Japan da ya sani. Hukuma ta ƙi ƙara ko kwana ɗaya, United ta buga wasa huɗu cikin kwana tara, kuma duk da haka ita ta ɗauki kofin.

Da fatan Malam ka gamsu. A gaida mana mutanen kasuwar Giwa, har da telan.