Polan: labarin jarida da ya riƙe al'ummar da aka shafe daga taswira

A shekarar 1795 ne Rasha da Prusiya da Ostiriya suka ƙarasa rabe ƙasar Polan a tsakaninsu, bayan rabon da aka yi mata a 1772 da 1793. Daga nan har zuwa watan Nuwamban 1918, shekara 123 ke nan, babu wata ƙasa mai cin gashin kanta da ake kira Polan. Mutanen sun ɗauki makami a 1830, suka sake ɗauka a 1863, amma sojojin Rasha suka murƙushe su duka biyun. Aka rataye wasu, aka kwashe dubbai zuwa Saiberiya, aka mai da Rashanci harshen koyarwa a makarantun yankin da Rasha ke riƙe da shi.

Shekara 20 bayan wannan shan kaye, a 1883, jaridar Słowo ta birnin Warso ta fara buga wani ƙagaggen labari kashi-kashi. Marubucin, Henryk Sienkiewicz, ɗan jarida ne da aka haifa a 1846, wanda ya taɓa yin ƴan shekaru a Amurka yana aiko wa jaridun gida labarin abin da ya gani, har da halin da ƴan ƙasarsu masu ci-rani ke ciki. Labarin ya zama littattafai uku: Ogniem i mieczem, wato "Da Wuta da Takobi", sai Potop, wato "Ambaliya", sai Pan Wołodyjowski, mai ɗauke da sunan jaruminsa.

Sienkiewicz bai isa ya rubuta zaluncin sarkin Rasha ba, domin kowane shafi sai ya bi ta hannun masu tace rubutu. Don haka sai ya koma baya shekara ɗari biyu da ƴan kai, zuwa ƙarni na 17, lokacin da Polan ke da sarkinta da mahayanta, maƙiya kuma suka taso mata ta kowace kusurwa. Littafi na farko ya ɗauko tawayen mayaƙan Kosak na Yukren a 1648. Na uku ya ɗauko yaƙi da Daular Usmaniyya da faɗuwar ganuwar Kamieniec a 1672.

Na tsakiyar ne ya fi shiga zukata. A 1655 sojojin Suwidin suka mamaye ƙasar kamar ruwan da ya ɓalle, sarki ya tsere, manyan masu sarauta da dama suka yi mubaya'a ga baƙo. Jarumin labarin, Kmicic, ba mutumin kirki ba ne da farko. Saurayi ne mai zafin kai, ya ƙona ƙauye, ya rantse zai bi wani basarake da ya sayar da ƙasa ba tare da ya san abin da ya shiga ba. Da ya gane, sai ya sake suna, ya tafi gidan ibada na Jasna Góra a garin Częstochowa, inda ƴan tsirarun limaman Kirista da sojoji suka hana rundunar Suwidin shiga a ƙarshen wannan shekara. Kewayewar Jasna Góra ta faru da gaske. Kmicic na cikin littafin kuwa ƙirar marubuci ne. Mai karatu a Warso na 1885 ba ya buƙatar a fassara masa saƙon: an taɓa cin ƙasar nan, manyanta sun taɓa cin amana, kuma ta tashi.

Wani abin lura shi ne, a daidai shekarun da labarin ke magana a kai, sojojin Rasha ma suna cikin ƙasar suna yaƙi. Sienkiewicz ya ratsa ta gefen wannan batu a hankali, kamar mai tafiya cikin ƙaya ba takalmi.

Karɓuwar da littattafan suka samu ta wuce ta masu ilimi, ta kai ƙauyuka da gidajen ƴan ci-rani a Amurka. A 1900 jama'a suka yi karo-karo suka saya masa gida da gona a Oblęgorek. A 1905 ya karɓi kyautar Nobel ta adabi, yana ɗan ƙasar da ba ta da tuta a hukumance. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, samarin da ke yaƙar Jamus a ɓoye sun riƙa ɗaukar sunayen jaruman littattafan a matsayin laƙabi.

Sai dai lallashin zuciya yakan zo da rashin adalci. Tun yana raye wasu marubutan ƙasarsa suka zarge shi da yi wa tarihi kwalliya, yana ɗaukaka masu sarauta yana mance talakan da ke noma musu. Ƴan Yukren kuwa suna kallon tawayen 1648 a matsayin yaƙin ƴancinsu, alhali littafin ya zana yawancin mayaƙansu a matsayin gungun mashaya masu kisa. Batun ya yi nauyin da mai shirya fim Jerzy Hoffman ya mai da littafi na uku fim a 1969, na biyu a 1974, amma na farko sai a 1999, bayan faɗuwar mulkin gurguzu.

Ɗan Afirka ma yana da nasa ƙorafin. Wajen ƙarshen rayuwarsa Sienkiewicz ya rubuta wa yara labarin wani yaro ɗan Polan da yarinya ƴar Ingila da mabiya Mahadi suka sace daga Masar zuwa Sudan. Mutumin da ya san ɗacin mulkin baƙo a gidansu, da ya zo kan baƙar fata sai ya dube su da idon Turawan mulkin mallaka na zamaninsa, a matsayin masu jiran a waye musu kai.

Bai ga ƴancin da ya yi wa tanadin zukata ba. Ya rasu a garin Vevey na Suwizalan a watan Nuwamban 1916, yana aikin tara agaji ga ƴan ƙasarsa da Yaƙin Duniya na Farko ya ɗaiɗaita. A 1924 aka ɗauko gawarsa ta jirgin ƙasa, aka binne a babbar majami'ar Warso.