Yadda Birtaniya ke auna jin daɗin ma'aikatan gwamnatinta

A kowace shekara, cikin watannin kaka, ma'aikatan gwamnatin Birtaniya kan samu saƙo ɗauke da jerin tambayoyi: Shin kana alfahari da wurin aikinka? Shugabanka na sauraron ka? An taɓa cin zarafinka a ofis?

Wannan shi ne binciken jin ra'ayin ma'aikata da ake kira Civil Service People Survey, wanda aka fara a 2009. Ma'aikatu da hukumomi kusan 100 ne ke shiga, kuma dubban ɗaruruwan ma'aikata ke amsawa.

Me ake tambaya?

Ƙashin bayan binciken tambayoyi biyar ne da ke auna shaƙuwar ma'aikaci da hukumarsa. Daga ciki akwai ko yana alfahari da ita, ko zai ba wani shawarar ya zo ya yi aiki a can, da kuma ko tana ƙarfafa masa gwiwa ya yi iya ƙoƙarinsa. Ana haɗa amsoshin a fitar da maki guda. A 2009 makin ya tsaya a kashi 58 cikin 100, a 2020 kuma ya kai kashi 66.

Tun daga 2012 aka ƙara wasu tambayoyi huɗu da hukumar ƙididdiga ta ƙasar, ONS, ta tsara. Su ba su tsaya kan ofis ba. Suna tambayar ko mutum ya gamsu da rayuwarsa, ko yana ganin abin da yake yi na da amfani, yaya farin cikinsa jiya, da kuma yawan fargabar da ya ji jiya. Ana amsa kowacce da maki daga 0 zuwa 10.

Tsoron faɗin gaskiya

Ba kowane ma'aikaci ne zai yarda ya soki maigidansa a rubuce ba. Shi ya sa ba a fitar da sakamakon sashen da waɗanda suka amsa ba su kai 10 ba, don kada a gane wane ne ya faɗi me. Sakamakon kowace hukuma kuwa ana wallafa shi, ta yadda 'yan jarida da 'yan majalisa za su kwatanta wannan ma'aikata da waccan.

Inda gizo ke saƙar

Ɓangaren albashi da alawus na daga cikin waɗanda suka fi samun ƙarancin maki shekara da shekaru. A 2022, lokacin da tsadar rayuwa ta yi ƙamari, makinsa ya ƙara faɗuwa. A ƙarshen shekarar ne ƙungiyar ma'aikata ta PCS ta tsunduma yajin aiki, wanda ya ci gaba har cikin 2023. Alƙaluman sun nuna ƙorafin a fili, amma nuna shi kaɗai bai hana yajin ba.

Masu tsara binciken ma sun san da wannan. Cikin tambayoyin akwai wadda ke auna binciken kansa: ko ma'aikaci ya yarda manyan jami'ai za su ɗauki mataki kan abin da ya faɗa. Duk hukumar da ta samu ƙarancin maki a nan, to ma'aikatanta na gaya mata cewa sun gaji da cike fom ba tare da sun gani a ƙasa ba.