Masu Hoton Bakin Kogi a Yamai

Da la'asar sakaliya, idan rana ta karkata wajen unguwar Harobanda, za ka tarar da mai hoto a bakin kogin Isa da kyamara rataye a wuya. Wannan lokacin yake jira, don hasken ya yi laushi, ruwa ya yi ja, gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ta fito sosai a bayan mutum. Baƙon da ya zo daga Maraɗi ko Tawa yana son ya koma gida da shaidar ya ga Yamai, kuma kogin da gadar su ne shaidar.

Sana'ar ta daɗe. Tun zamanin Sarauniya Victoria masu hoto a Ingila suke bin bakin teku suna ɗaukar 'yan yawon shan iska. A Yamai, wanda aka fi tunawa shi ne Philippe Koudjina, haifaffen Kwatano a 1940, da ya ɗauki samari da 'yan matan birnin a wuraren rawa a shekarun 1960 da 1970. Ya rasu a 2014.

A zamanin su Koudjina aikin na haƙuri ne. Fim ɗaya hoto 36 yake ci, ko 12 a babbar kyamara, don haka ba a latsawa da ka. Daga nan sai ɗakin duhu: a wanke fim da magani, a haska shi kan takarda ƙarƙashin jar fitila, a tsoma a ruwan magani har fuska ta bayyana a hankali, a ɗauraye, a shanya. Haske kaɗan ya shiga, aikin yini ya lalace.

Yau ƙaramar na'urar buga hoto ta maye gurbin wannan duka. Kuɗin takarda, tawada, batir da man babur duk daga aljihun mai hoto suke fita, ga ƙurar hunturu mai kashe kyamara. Ciniki sai ranar biki ko suna, da hoton fasfo, sai kuma Sallah, lokacin da gidan tarihi na Boubou Hama yake cika da yara cikin sababbin kaya. Sauran kwanaki wayar salula ta cinye kasuwar.

Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin fina-finan da ke jibge cikin kwalaye, zafi da gara suna cin su. Wanda duk yake da irinsu a gida, don Allah ya fito da su a kwafe kafin su ruɓe.