Kafin a biya kuɗin tsohuwar kat-kat: abubuwan da ya kamata a duba

Duk wanda ya taɓa kama hanyar Assamaka, ko ya nufi wuraren haƙar zinariya na Djado da Tchibarakaten da aka gano a 2014, ya san motarsa ita ce ɗakin kwanansa da rumbunsa da rijiyarsa. Turawa na da motar da suke sa wa gado da murhu. Mu tamu Hilux ce ko Land Cruiser, da jarkokin ruwa, tabarma da butar shayi. In ta mutu a tsakiyar Sahara, rai ne ke cikin haɗari.

Da yawa cikin 'yan uwanmu da ke Libiya, Aljeriya ko Faransa kan turo kuɗi a saya wa gida mota bayan sun ga hoto a WhatsApp. Wannan cinikin biri a sama ne. Ku wakilta mutum mai amana da makanike na kanku, ba na mai sayarwa ba.

A fara da takardu. Lambar shasi da ke buge jikin ƙarfe dole ta yi daidai da ta kart giriz, harafi da harafi. In an ga alamar goga ko sabon walda a wurin lambar, a bar motar. A nemi takardar duwan, musamman ga motar da ta shigo daga Libiya ko Aljeriya, don in babu ita ana iya kama motar a shingen farko na hanyar Agadas.

Sai inji. A je da sassafe, a tada shi yana sanyi, don injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. A kalli hayaƙi: shuɗi na nufin yana shan mai, fari da bai ɗaukewa, wataƙila ruwa na shiga inji, baƙi kuma matsalar famfon gazuwal ce ko matatar iska. A buɗe murfin man inji: in ya yi kamar madara, ruwa ya haɗu da mai. A cire bututun da ke bayan matatar iska. In da ƙura a ciki, rairayi ya riga ya ci injin. Lagireto ma a duba, ko yana yoyo ko an toshe shi da gam.

A shiga ƙarƙashi da tocila. Lodi mai nauyi da ramukan hanyar Tahoua zuwa Arlit kan tsaga shasi kusa da sifirin. Motar da ta fito Turai ta Kwatano ko Lome kuwa, tsatsa ce ciwonta, saboda gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. A jikin taya akwai lamba huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Kada a yarda da kilomitan da agogo ya nuna, ana juya shi baya.

Akwai abu ɗaya da ya shafi garinmu. COMINAK ta rufe a watan Maris 2021, kuma tun 2009 ƙungiyar Greenpeace ta samu ƙarafa masu tururin yuraniyom a kasuwar Arlit. Don haka in mota ko tankin da aka ƙara mata sun yi aiki a ma'adinai, a tambaya ko an auna su kafin fitarwa. Kada a zuba ruwan sha a tanki ko durom ɗin da ba a san asalinsa ba.

Daga ƙarshe, a ɗora mata kaya, a fita bayan gari da rana tsaka, a sa ƙafa huɗu cikin rairayi, ido na kan allurar zafi. Mai sayarwa in ya ƙi wannan gwaji, ku riƙe kuɗinku. Allah Ya kai kowa gida lafiya.